Tarihin tashar jirgin da ke saman "Ƙaramar Accra" a birnin New York

Daren da na fara kwana a Amurka ban runtsa ba. Kawuna ya shimfiɗa mini katifa a falo, ya ajiye mini kofin shayi a bakin taga, ya ce in huta. Ina kwance sai na ji wata ƙara ta taso daga nesa kamar hadari. Taga ta ɗauki rawa, cokalin da ke cikin kofi ya shiga kaɗawa shi kaɗai. Na miƙe zumbur ina salati. Ko da na leƙa, sai ga jirgin ƙasa yana wucewa daidai da tagarmu a hawa na uku, fitilu a kunne, mutane zaune a ciki suna gyangyaɗi.

Da safe na ce, "Kawu, ashe a nan jirgin ƙasa a sama yake tafiya?"

Ya yi dariya ya ce, "Yaro, wannan ai shi ne trotro ɗinmu. Ba ya jiran ya cika, kuma ba ya kwana. Nan da wata guda, ranar da bai wuce ba ita ce za ka farka."

Gaskiyar Kawu ce. A 2009 aka yi wannan, kuma tun daga lokacin da wuya rana ta fito ta faɗi ban hau matakalar tashar titi na 167 da ke gundumar Bronx ba. Duk ɗan zangon da ya taɓa kai wa wani ɗan'uwa saƙon yaji ko kilishi a New York, mai yiwuwa a nan ya sauka. Unguwar da ke kewaye da tashar ce wasu ke kira Ƙaramar Accra saboda yawan 'yan Ghana. Amma sai da na yi shekaru ina hawa ina sauka kafin in tambayi kaina: wa ya kafa wannan ƙarfe, yaushe, kuma don wa?

Yadda tashar take

Ga wanda bai taɓa gani ba, bari in kwatanta. Titi ne mai suna River Avenue, an jera ginshiƙan ƙarfe dama da hagu, aka ɗora layin dogo a kansu. Motoci na bi ta ƙasa cikin inuwa, jirgi na bi ta sama. Layukan dogo uku ne. Biyu na gefe su ne ake aiki da su kullum, ɗaya na masu zuwa Manhattan, ɗaya na masu zuwa ƙarshen layi a Woodlawn. Na tsakiya yawanci a kwance yake sai in ana gyara ko an sami matsala. Kana hawowa daga titi za ka fara isa wani ɗaki da ke rataye a ƙarƙashin dogon, nan ne ake biyan kuɗi a tura ƙarfen da ke juyawa, sannan a sake hawa wata matakalar zuwa inda ake jiran jirgi.

Jirgi mai lamba 4 ne ke tsayawa a nan, lambar tana cikin koren da'ira. Tasha ɗaya a kudu da mu ita ce ta titi na 161, inda filin wasan Yankee yake. Yana wuce nan kaɗan sai ya nutse cikin rami, ya bi ta ƙarƙashin kogin Harlem, ya shiga Manhattan, ya zarce har Brooklyn. Daga ƙofar gidanmu zuwa tsakiyar Manhattan ba ya kai rabin awa.

Ƙarfe ya riga mutane zuwa

Abin da ya fara sa ni bincike shi ne aikin gida da aka ba 'yata a makaranta, wai ta rubuto tarihin unguwarsu. Muka je ɗakin karatu na gwamnati tare. Ita ta gama nata cikin kwana biyu, ni kuwa na kasa dainawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, lokacin da aka tsara wannan layi, nan bayan gari ne. Yammacin Bronx bai ma shiga cikin birnin New York ba sai a 1874. Akwai gonaki, da gidajen masu kuɗi da suka gudo wa hayaniya, da filaye da duwatsu. Babban titin da layin ke bi daga arewa da tasharmu, wato Jerome Avenue, hanya ce da masu karusar doki ke bi zuwa filin sukuwa da aka buɗe a 1866. Sunan attajirin da ya kafa filin aka sa wa titin, Leonard Jerome, wanda shi ne kakan Winston Churchill na Ingila ta wajen uwa.

A can Manhattan kuwa mutane sun cushe. Baƙin da ke sauka daga Turai ta jirgin ruwa suna kwana iyali guda a ɗaki ɗaya ko biyu, babu iska, babu haske, ga cuta. An buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko ranar 27 ga Oktoba, 1904, nan da nan ya yi kaɗan. Sai hukumomin birni suka ga mafita ita ce a ja dogo zuwa inda babu kowa, don talaka ya kwana a bayan gari ya kuma iso wurin aiki a kan lokaci. Ranar 19 ga Maris, 1913 birnin ya sa hannu a wata babbar yarjejeniya da kamfanoni biyu masu zaman kansu. Wanda ya sami ɓangarenmu shi ne kamfanin da ake kira IRT.

Me ya sa aka ɗora layin a sama maimakon a binne shi? Kuɗi. Haƙa rami ya fi kafa ginshiƙai tsada nesa ba kusa ba. A tsakiyar gari, inda ƙasa ke da daraja kuma masu faɗa a ji ba sa son ƙara, sai aka binne. A bayan gari, inda babu mai ƙorafi tukuna, sai aka bar shi a sarari. Ƙarar da ta hana ni barci a daren farko, tun 1913 aka yanke shawarar cewa masu zuwa daga baya su ne za su haƙura da ita.

An buɗe tashar titi na 167 ranar 2 ga Yuni, 1917, wata biyu bayan Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko. Da farko jirgin kai-komo kawai yake yi tsakanin titi na 149 da Kingsbridge Road. Ranar 15 ga Afrilu, 1918 ya kai Woodlawn, a watan Yuli na shekarar kuma aka haɗe shi da layin da ke ratsa gabashin Manhattan.

Waɗanda suka fara saukowa

Jirgi na zuwa, magina suka biyo shi. Aka yanka filaye, aka tayar da benaye masu hawa biyar da shida, irin waɗanda muke haya a ciki har yau. Ƙidayar jama'a ta nuna yadda abin ya kasance. A 1910 mutanen Bronx ba su wuce 431,000 ba. A 1920 sun kai 732,000. A 1930 sun haura miliyan 1 da 265,000. Filin wasan Yankee na farko ma a 1923 aka buɗe shi, shekara shida bayan zuwan jirgin.

Waɗanda suka cika gidajen su ne Yahudawa daga gabashin Turai, da 'yan Ireland, da Italiyawa, da Jamusawa. A wajen 1930 kusan rabin mutanen Bronx Yahudawa ne, da yawansu teloli da masu yanka yadi a masana'antun ɗinki na Manhattan. Su ma baƙi ne, su ma da harshensu da abincinsu da wuraren ibadarsu. In ka hau tudu daga tashar zuwa babban titin Grand Concourse, gidan adana zane-zane na Bronx da ke titi na 165 tsohon wurin ibadar Yahudawa ne.

Abu biyu ne suka riƙe wannan rayuwa: haya mai sauƙi da kuɗin jirgi mai sauƙi. Senti 5 ake biya, ko ina za ka, kuma haka ya zauna daga 1904 har 1948, shekara 44 cur. Talaka ya ji daɗi, amma kamfanin ya sha wuya, domin yarjejeniya ta hana shi ƙara kuɗi ga kuma tsadar kaya bayan yaƙi. A 1933 birnin ya buɗe nasa layin na ƙarƙashin ƙasa a Grand Concourse, 'yan matakai daga namu, da tasa tashar ita ma mai suna titi na 167. Har gobe sabon zuwa yakan rikice tsakanin ta sama da ta ƙasa. A watan Yuni na 1940 birnin ya saye kamfanin IRT, tashar ta koma hannun hukuma.

Reshen da aka yanke

Akwai wani dattijo ɗan Puerto Rico da ya daɗe yana kula da gininmu, shi ne mai gyaran famfo da tukunyar ɗumama ɗaki. Tun yana yaro aka kawo shi unguwar. Da ya ji abin da nake bincike, wata Lahadi ya ja ni muka gangara kudu da tashar, wajen filin wasa. Ya nuna mini wasu ƙarafa a jikin gadar jirgin da suka karkata gefe suka tsaya a iska, ba su je ko'ina ba. Na wuce su sau ɗari ban lura ba.

Ashe nan ne wani layin dabam ke haɗuwa da namu. Layin titi na tara ne na Manhattan, jirgin saman titi na farko a New York, wanda asalinsa ya koma tun ƙarshen shekarun 1860. A 1918 aka tsallako da shi kogin Harlem, ya huda tudun Highbridge ta wani gajeren rami, ya fito ya haɗu da layinmu. Wato akwai lokacin da mai jira a tashar titi na 167 ke da zaɓi biyu na shiga Manhattan, ta gabas ko ta yamma.

A 1940 aka rufe layin titi na tara aka sayar da ƙarfensa, sai ɗan guntu da aka bari yana kai 'yan kallo filin wasa na Polo Grounds a titi na 155. Tasharmu ta zama ƙarshen wannan guntun layi. Jirgin yakan sauke mutane, ya koma dogon tsakiya, ya juya. Da ƙungiyar Giants ta bar filin ta koma San Francisco bayan kakar 1957, 'yan kallo suka ɗauke ƙafa. Ranar 31 ga Agusta, 1958 jirgin ya yi tafiyarsa ta ƙarshe. Shi kansa filin a 1964 aka rushe shi.

Shekarun wuta

Da muka dawo muka zauna a bakin ƙofa, dattijon ya ce da ni, "Kai yanzu ka ga unguwa. Da ka zo a 1977, daga saman tashar nan za ka tsaya kana ƙirga hayaƙi."

Abubuwa da yawa ne suka haɗu. Bayan yaƙin duniya na biyu masu hali suka sayi motoci suka koma sababbin unguwannin wajen gari. A 1948 aka fara gina babbar hanyar Cross Bronx, wadda ta ratsa Jerome Avenue tasha biyu a arewa da tamu, ta tashi dubban iyalai ta raba unguwanni gida biyu. A 1968 aka buɗe rukunin gidaje na Co-op City a arewa maso gabas, iyalai da yawa na Grand Concourse suka kwashe suka koma can. Baƙaƙen fata daga kudancin Amurka da 'yan Puerto Rico suka maye gurbinsu, daidai lokacin da masana'antu ke rufewa. Bankuna suka daina ba da bashi a yankin. Masu gidaje da yawa suka daina gyara, wasu suka gudu suka bar ginin, wasu aka kama su da sa wuta don karɓar kuɗin inshora. Birnin kansa ya kusa tsiyacewa a 1975, aka rage 'yan kwana-kwana. Daga 1970 zuwa 1980 Bronx ta yi asarar mutane kimanin 300,000. A watan Oktoba na 1977 Shugaba Jimmy Carter ya zo da kansa ya tsaya cikin kangayen titin Charlotte.

Gabashin yankin ya fi mu shan wuta, amma nan ma an taɓa. Taragun jirgi suka cika da rubuce-rubucen fenti ciki da waje, ƙofofi na maƙalewa, mutane na tsoron hawa da dare. Sai a 1989 aka janye tarago na ƙarshe mai irin wannan fenti daga aiki. Duk da haka jirgin bai daina tsayawa a titi na 167 ba. Dattijon ya ce shi ya sa mahaifiyarsa ta ƙi tashi. Tana aiki a Manhattan, ba ta da mota, in ta bar gindin tashar ina za ta?

Zuwan namu

Cikin wannan hali ne na gabanmu suka fara isowa. Dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe ƙofa ga waɗanda ba Turawa ba. Wahalar da aka sha a gida a farkon shekarun 1980, musamman fari da yunwar 1983 da korar da aka yi wa 'yan Ghana daga Najeriya a shekarar, ta tura matasa da yawa waje. Daga baya dokar 1990 ta kawo cacar biza, wadda ni ma ta ita na shigo. Me ya kawo su nan gindin ƙarfe? Abin da ya kawo telolin 1920: ɗaki mai arha da jirgi a bakin ƙofa. Unguwar da wasu suka gudu suka bari ita ce aljihun baƙo ke iya biya.

Yau in ka sauko daga matakala za ka ji Sifaniyancin 'yan Jamhuriyar Dominika, ka ji Twi, ka ji Hausar Nima da ta Kumasi, ka ji harsunan 'yan Gambiya da Gini da Mali. Akwai inda za ka sayi waakye da shito, akwai mai aika kuɗi gida, akwai mai kitso. An yi wa tashar gyara a farkon shekarun 2000, aka sa gilasai masu launi a bangon inda ake jira. Kuɗin jirgi yanzu ya kai wajen dala 3, ƙwandalar tikiti da aka fara a 1953 ta tafi tun 2003, yanzu ana iya ɗora waya ko katin banki. Matakala dai tana nan yadda take. Da tsohuwata ta zo ganin jikoki, gwiwa ba ta bari, sai mu taka da ita zuwa tashar titi na 170, inda aka sa lif a 2022. Ta ce da ni, "Ku dai kun iya wahala, mota a sama, gida a sama."

Ban san darajar tashar ba sai a 2020. Aikin dare nake yi, gadi a wani bene a Manhattan, matata kuma tana kula da tsofaffi a gidajensu. Lokacin korona, daga 6 ga Mayu, 2020 aka riƙa rufe jirgin daga ƙarfe 1 zuwa 5 na asuba don wanke taragu. Maganar Kawu ta tabbata: shiru ne ya riƙa tashin mutane daga barci. Maƙwabtanmu masu fita kafin asuba suka koma jiran bas a cikin duhu, tafiyar rabin awa ta ninka. Sai 17 ga Mayu, 2021 jirgin ya koma aiki dare da rana. A wannan shekara guda na gane cewa masu wanke asibiti da masu dafa abinci da masu gadin birnin nan, da yawansu ta irin wannan matakala suke fitowa.

Takardar da ke kan teburina

Dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wata takarda da mai gidanmu ya turo ta ƙarƙashin ƙofa, ta sabon kuɗin haya. Ba ni kaɗai ba ne. A watan Maris na 2018 majalisar birni ta amince da sabon tsarin gine-gine a tsawon Jerome Avenue, daga kusa da tasharmu har titi na 184, wanda ya ba da damar tayar da dogayen benaye masu gidaje sama da 4,000. An yi alkawarin wani kaso zai zama mai sauƙin haya, kuma wasu sun samu. Amma garejojin kanikawa da ke ƙarƙashin gadar suna ta raguwa, ƙasa na ta tsada. Kusancin da muke da shi da Manhattan, wanda tashar ta ba mu, shi ne yanzu ake sayarwa. Ƙarar da ta sa hayarmu ta yi arha, sababbin gidaje sun magance ta da taga mai gilashi biyu.

Abokaina uku sun riga sun kwashe iyali sun koma Ohio. Matata ta ce mu bi su, gida biyu maganin gobara. 'Yata ta ce ita 'yar Bronx ce, ba inda za ta.

Mu 'yan zango mun san wannan labari ko ba a faɗa mana da Turanci ba. Zango asalinsa inda ayari ke sauke kaya ne a gefen gari. A zauna, a haihu, gari ya girma ya zo ya kewaye wurin, sai kuma a fara tambayar wa ke da takardar fili. Abin da na koya daga tarihin wannan tasha shi ne, cikin shekara ɗari da 'yan kai, duk wanda ya sauko ta matakalarta ɗan haya ne, kuma in haya ta fi ƙarfinsa ko unguwa ta lalace, tashi yake yi. Waɗanda suka daɗe su ne waɗanda suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar 'yan haya, ko suka tara kuɗi suka sayi ginin da suke ciki. Mu ma mun fara, amma mun makara. Da yawanmu mun gina gida a Accra ko Kumasi da ba ma kwana a ciki, nan kuwa inda 'ya'yanmu suke girma ko taga ɗaya ba tamu ba ce.

Ku na gida kuma, na san an yi mana alkawarin jirgin saman titi a Accra tun 2018, har yau ba a kafa ginshiƙi ko ɗaya ba. In Allah ya sa wata rana aka yi, kada mu tsaya murnar tasha ta zo unguwarmu kawai. Mu fara tambaya: filayen da ke kewaye da ita, da sunan wa aka rubuta su? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Takardar hayar tana nan, saura mako uku in ba da amsa. Ranar Asabar 'yan gininmu za su yi taro a ɗakin ƙasa, dattijon nan ya ce zai zo duk da ya yi ritaya, ni ne kuma aka ɗora wa fassara ga matan da ba sa jin Turanci. Yanzu ƙarfe 9 na dare ta wuce, taga ta fara rawa. Wannan na Woodlawn ne. Nawa na bayansa, bari in sa takalmi.